Igiyar da Uraia Ya Riƙe da Ƙarya

Akwai wani ɗan wasan zari-ruga da aka yi a ƙauyenmu na Vatudamu, a gaɓar tekun Fiji, ana ce masa Uraia. Duk wanda ya taɓa ganin gudunsa bai manta ba. Ƙato ne, ƙirji kamar ƙofar coci, amma in ya rungumi ƙwallo ya saki ƙafa, sai ka rantse ba ya taka ƙasa.

Tare suka taso da Kolinio, ɗan gwaggonsa, wanda gidansu ke tsallaken kogi, a wani lardin daban. Taubasai ne, abin da muke kira tavale, don haka babu tsiyar da ba sa yi wa juna. Da busasshiyar kwakwa suka koyi wasa a bakin ruwa. In ba su samu kwakwa ba, su ɗura yashi a gorar roba.

"Tavale, wannan kan naka ai shi ma ƙwallo ne," in ji Kolinio. "Wata rana shi zan ɗauka in dangwala a layi."

"Zo ka gwada, mai ƙafar ƙaguwa," Uraia zai ce. Sai kokawa, sai dariya, sai a je gidan da ya fi kusa a ci rogo da kifi a faranti ɗaya.

Mahaifin Uraia, Netani, manomin gwaza ne. Kullum kafin ya tafi gona sai ya kai ɗansa tsaunukan yashin da ke bakin teku, ya sa shi ya hau ya sauko har sai ƙafafunsa sun fara rawa. Burin mutumin nan ɗaya ne tak a duniya: ya ga ɗansa sanye da farar rigar ƙungiyar ƙasa.

"Ranar da ka sa ta," yakan ce, "ko a kan jaki ne sai an kai ni babban birni, Suva."

Suna da shekara goma sha tara aka shirya wasan gwaji a cikin gari. Wani Bature ya zo daga Faransa yana neman ɗan wasa, kuma mutum ɗaya kawai zai ɗauka. Aka raba samari gida biyu. Uraia ya faɗa wannan ɓangare, Kolinio ya faɗa wancan.

Kafin a tafi hutun rabin lokaci Uraia ya dangwala ƙwallo a bayan layi har sau biyu. Kowa ya ga Baturen ya sunkuya yana rubutu a ɗan littafinsa. Kolinio ma ya gani.

Da aka dawo, aka kayar da Uraia, ƙarti suka taru a kansa suna turereniyar ƙwallo. Ƙafarsa ta hagu ta fito waje daga ƙarƙashin cincirindon, a miƙe, ba abin da ya kare ta. Ta ƙarƙashin hammatar wani ya hango Kolinio tafe. Idanunsu suka haɗu. Kolinio ya dubi ƙafar, ya dubi mai ita, sannan ya saki dukkan nauyinsa a kan gwiwar daga gefe.

Waɗanda ke bakin fili sun ce ƙarar ta yi kama da ta karya rake.

Alƙalin wasa bai gani ba. Bayan mako uku Kolinio ya hau jirgi zuwa Faransa, ko sannu bai tsallako kogi ya yi ba.

Wata goma sha huɗu Uraia ya yi yana dogara sanduna. A wata na tara aka tsinci Netani kwance a cikin gwazarsa, rai ya yi halinsa. Ranar jana'iza maza shida suka ɗauki akwatin, ɗansa na cikinsa yana biye a baya yana ɗingishi, bai iya sa kafaɗa ba.

Ciwon gwiwa ya warke. Wannan kuwa bai warke ba.

Ran da ya jefar da sanduna, tsaunukan yashi ya nufa. Ya hau, ya faɗi, ya tashi, ya sake hawa. Duk takun da ya yi, fuskar Kolinio yake gani a ƙarƙashin tafin ƙafarsa.

'Yan wasanmu suna da wata al'ada. Kafin su shiga fili suna naɗe wuyan hannu da farar filasta, kowa ya rubuta ayar Littafi Mai Tsarki da yake so a kai. Shi Uraia ba aya yake rubutawa ba. Lamba bakwai yake rubutawa, lambar da Kolinio ke sakawa a baya.

Amininsa a ƙungiyar lardi, Peceli, wani siririn mutum mai baki kamar reza, shi ne ya fara lura.

"Kai Uraia, wace irin aya ce wannan? Bakwai kawai? Babu littafi, babu sura? Ko fasto ne ya ba ka ita a ɓoye?"

"Ka kula da taka."

"Tawa ai ta ce Ubangiji makiyayina ne. Taka kuwa kamar lambar motar haya."

Uraia bai yi dariya ba. Daga baya Peceli ya gane, bai ƙara yin wasa da zancen ba.

Cikin shekara biyu babu mai iya tare Uraia a gasar larduna. Wata ƙungiya a Japan ta ɗauke shi. Ya yi shekara biyar a can, ya buga wasa a cikin dusar ƙanƙara, ya ga hotonsa a jikin jirgin ƙasa, ya gina wa mahaifiyarsa Vasemaca gidan bulo mai rufin kwano shuɗi. Mutum ya samu duk wannan, ai ya kamata ya huta. Amma ko a can, duk ranar wasa sai ya rubuta bakwai ɗinsa. In ya yi karo da wani ɗan Japan ya watsar da shi, ba shi yake gani ba.

Yana da shekara ashirin da bakwai labari ya zo cewa kocin ƙungiyar ƙasa zai zaɓi waɗanda za su je gasar duniya, kuma yana son ya ga 'yan waje sun dawo sun buga a gida ya gan su da idonsa. Uraia ya tattara ya dawo. Kowa ya san sunansa na kan gaba. Farar rigar da Netani ya mutu yana jira, saura ƙiris.

A wannan shekarar ce Kolinio ma ya dawo. Faransa ta tatse shi, kafaɗu sun gaji, gashi ya fara zubewa. Ya ce zai buga wa lardinsu kaka ɗaya ta ƙarshe ya ajiye takalma.

Ka ji ikon Allah, lardunan nan biyu su ne suka kai wasan ƙarshe.

Saura kwana shida a buga, ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, saƙo ya iso gidan Vasemaca: mutanen tsallake suna tafe da tabua.

Tabua haƙori ne na ƙaton kifin teku, an ɗaura masa igiyar da aka kitsa da zaren kwakwa. A wurinmu babu abin da ya fi shi nauyi. Wanda ya yi maka babban laifi shi ne zai kawo shi, ya durƙusa. In ka kama igiyar, magana ta mutu, an binne ta. Kai ba ka tono ta, 'ya'yanka ma ba sa tono ta.

Yayan mahaifinsa, tsoho Sakiusa, wanda yake kira Tata Levu, wato babban baba, ya ja shi bayan gida ƙarƙashin mangwaro.

"Zauna, ɗana. Ka san abin da ke tafe."

"Na sani, Tata Levu."

"To ka saurare ni da kyau. Ba dole ba ne. In zuciyarka ba ta huce ba, faɗa mini yanzu. Zan tare su a bakin kogi in ce su koma, su dawo wata shekara. Za a ji kunya, mata za su yi surutu mako biyu, shi ke nan. Babu wanda zai ce ka yi laifi, gwiwarka ce aka karya, ubanka ne aka binne. Ka ce mini 'ba yau ba,' ni zan ɗauki sauran."

Uraia ya dubi tabon ɗinkin da ke gwiwarsa. Tunani biyu suka zo masa. Na farko, in koci ya ji an kawo masa tabua ya ƙi karɓa, zai ce wannan mai riƙo ne, zai ɓata masa tawaga. Na biyun kuwa shi ne ya sa gefen bakinsa ya motsa. In ya karɓa, ranar Asabar Kolinio zai shigo fili jikinsa a sake, ba zai riƙa waiwaye ba.

"Zan karɓa."

Tsohon ya dube shi.

"Uraia, igiyar nan ba ado ba ce. Da hannu kawai za ka kama ta, ko har da nan?" Ya dafa ƙirjinsa.

"Na ce zan karɓa, Tata Levu."

Da la'asar ɗakin taro ya cika. Aka shimfiɗa tabarmi, maza suka zauna sun harɗe ƙafafu, mata a baya. Kolinio ya shigo ɗaure da zani, ya zube tun daga bakin ƙofa, ya taho da gwiwoyinsa har gaban Uraia, kansa a ƙasa. A al'ada dattijo ne ke magana a madadin mai laifi, amma Kolinio ya roƙa a bar shi ya faɗa da bakinsa.

"Tavale," ya ce, haƙorin yana cikin tafukansa biyu. "Na ga ƙafar nan, na san taka ce, na faɗa mata da gangan. Ba tsautsayi ba ne, kada wani ya ƙara cewa tsautsayi ne. Na ga Bature yana rubuta sunanka, tsoro ya kama ni, na ga zan mutu ina yankan rake. Da kawuna Netani ya rasu ban aiko ko da gaisuwa ba, don ba ni da idon da zan kalle ka da shi. Shekara takwas ina cin abinci da ƙafarka. Ga ni, ka yi yadda ka so da ni."

Mata suka fara sharar hawaye.

Uraia ya dubi ƙeyar da ke sunkuye a gabansa. Ya ga daidai inda wuya ya haɗu da kafaɗa. Sannan ya miƙa hannu ya kama igiyar, ya ɗaga haƙorin ya kai goshinsa.

Maza suka tafa sau uku, tafin nan mai zurfi. Vasemaca ta rangaɗa guɗa, ta rungume gwaggon Uraia, mahaifiyar Kolinio, su biyun da suka yi shekara takwas ba su gaisa ba. Aka dama kava, abin shanmu na gargajiya, aka ba su biyun suka sha a ƙoƙon kwakwa ɗaya.

Kolinio ya goge ido, ya gwada tsohon wasansu a hankali, kamar mai taka ruwan da bai san zurfinsa ba.

"Tavale, ranar Asabar dai ka tausaya wa tsoho. Kafaɗun nan da ƙusa aka haɗa su."

"Kai dai ka zo, mai ƙafar ƙaguwa," in ji Uraia.

Ɗakin ya kwashe da dariya. Mutum ɗaya ne bai yi ba, shi ne Tata Levu.

A ranar Vasemaca ta rataye haƙorin a bango, ƙarƙashin hoton mijinta.

Asabar ta zo. A ɗakin sauya kaya a Suva, Uraia ya naɗe filasta, ya ɗauki biro. Peceli yana ɗaura takalmi kusa da shi, ya leƙo.

"A'a. Ni na ɗauka an rufe wannan littafin tun ranar Lahadi."

"Ka kula da bugunka."

"Uraia, dube ni. Koci yana sama a zaune. Kai dai ka tsaya a kafaɗata ta dama kamar kullum, ni zan sa maka rigar nan da hannuna. Kada ka yi mana hauka yau."

Uraia ya ja hannun rigarsa ya rufe filastar, ya fita.

An yi ruwa da safe, fili ya yi laka. Mutanen Vatudamu sun cika motoci uku sun zo, har da Vasemaca da hoton mijinta a cikin jaka, don ta ce alkawari ne, sai an kai shi Suva. Wasa ya yi zafi tun daga farko. Uraia ya keta mutum uku ya dangwala ƙwallo, jama'a suka ɗauki sunansa suna rerawa. Amma shi idonsa ba a kan allon maki yake ba. Lamba bakwai yake nema, kuma duk lokacin da ya kusa samunsa sai wasa ya juya wani gefen.

Sau ɗaya ma aka kayar da Uraia a cikin laka, sai ya ji an kama hannunsa an ɗaga shi. Kolinio ne, yana haki yana murmushi.

"Sannu, tavale. Yau kam kai ne mai fili."

Da zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi. Wato har ya sake haka? Har ya manta? Shi ya rarrafa minti biyar a kan tabarma, ya zubar da hawaye, ya tashi wankakke, wani kuwa ya bi gawar ubansa da sanduna?

Saura minti biyu a tashi, namu suna baya da maki huɗu. Dangwale ɗaya ya isa a ɗauki kofi.

Peceli ya karɓi ƙwallo, ya yi kamar zai jefa hagu, ya kutsa ta tsakiya. Fili ya buɗe. Uraia yana kafaɗarsa ta dama, daidai inda ya kamata. A gabansu saura mutum ɗaya. Peceli zai ja shi, ya jefa wa Uraia, Uraia ya taka taku ashirin ba mai taɓa shi. Sun yi wannan ya fi sau ɗari. Jama'a duk sun miƙe tsaye. Koci ma ya miƙe.

A nan ne Uraia ya hango shi ta gefen ido.

Kolinio yana can dama, yana dawowa da gudun gajiya, babu ƙwallo a hannunsa, ba ya cikin wasan ma. Hannuwansa a sake. Gefensa a buɗe, kamar yadda ƙafar nan ta kasance a buɗe shekara takwas da suka wuce.

Taku uku Uraia ya yi yana da zaɓi. A gabansa layi, da kofi, da farar riga. A damansa wuyan Kolinio.

A taku na huɗu ya karkata.

Ya same shi da kafaɗa, da dukkan nauyinsa, da dukkan gudunsa, daidai wurin da ya auna ranar Lahadi. Kolinio ya tashi sama ya dawo ta ka.

A daidai wannan lokacin Peceli ya jefa ƙwallo dama ba tare da ya duba ba, don bai taɓa buƙatar dubawa ba. Ƙwallo ta faɗi a kan ciyawa inda babu kowa, ta yi tsalle biyu, ta gangara waje.

Uraia ya tsaya a kan Kolinio, ya yage filastar ya jefa masa a ƙirji.

"Wannan na ubana ne! Tashi ka rarrafa yanzu!"

Ya tsaya yana jiran daɗin da ya yi shekara takwas yana tanadi. Ya jira ya ji ƙirjinsa ya yi sanyi. Abin da ya ji kawai shi ne shiru. Filin da ke ɗauke da dubban mutane ya yi tsit, har kana jin tutoci suna kaɗawa. Kolinio bai motsa ba. Idanunsa a buɗe, yana kallon sama, hannunsa na dama a lanƙwashe ƙarƙashinsa kamar ba nasa ba.

Alƙalin wasa ya ɗaga jan kati. Masu gadon ɗaukar marasa lafiya suka shigo a guje. Uraia ya ɗaga kai ya dubi sama inda manya ke zama. Koci ya riga ya rufe littafinsa.

A wurinmu in an tashi wasa, ƙungiyoyin biyu suna haɗuwa a tsakiyar fili, su durƙusa a da'ira, kowa ya dafa kafaɗar ɗan'uwansa, a rera waƙar yabon Allah. Wanda ya ci da wanda aka ci duk ɗaya. Uraia ya tako ya tsaya a bayansu yana jiran a matsa masa. Ba wanda ya matsa.

Peceli ya waiwayo, idanunsa jajur.

"Na sa maka kofi a hannu, na sa maka riga a wuya. Ina ka tafi? Ina ka tafi, Uraia?"

Ranar Laraba aka karanta sunayen tawagar ƙasa a rediyo. Uraia ya saurara har ƙarshe, bai ji nasa ba. An dakatar da shi wasa na tsawon lokaci, ƙungiyarsa ta Japan ta aiko takardar sallama. Daga asibiti kuma aka ce Kolinio zai yi tafiya da ƙafafunsa, amma jijiyar wuya ta taɓu, hannun dama ba ya ɗaguwa, kuma likitoci ba su yi alkawarin komai ba.

A ƙauye babu wanda ya zage shi. Mu ba haka muke yi ba. Ya je ɗakin taro da yamma ya zauna, ƙoƙon kava ya zagayo, ya zo kan na hagunsa, ya tsallake shi, ya sauka kan na damansa. Ya gai da masu gyaran raga a bakin ruwa, suka amsa wa raga. Kwale-kwalen tsallake suka daina tsayawa a gaɓarmu.

Rana ta huɗu da dawowarsa ya shigo gida ya tarar da mahaifiyarsa zaune a tabarma, Tata Levu a gefenta. Ƙusar da ke ƙarƙashin hoton Netani babu komai a jikinta. Haƙorin yana ƙasa, a tsakiyarsu.

"Ɗauki abinka," in ji Vasemaca. "Ba zai ƙara zama ƙarƙashin hoton ubanka ba."

"Nana," ya ce, yadda muke kiran uwa, "shi ne fa ya fara. Kin manta sanduna? Kin manta ranar jana'iza?"

"Ban manta ba, ni na wanke maka ciwon. Ya fara, ya kuma zo da gwiwoyinsa ya ƙare. Kai ne ka sake farawa. Ka sa na yi guɗa a gaban jama'a a kan ƙarya. Ka sa na ɗauki hoton mutumin nan har Suva, ya je ya ga wannan." Ta share ido da bakin zani. "Kuma kada in ƙara jin ka ce na ubanka ne. Ubanka riga ya ce yana so ya gani, bai ce wuyan ɗan ƙanwarsa ba."



Tata Levu ya tura masa haƙorin da ɗan yatsa.

"Tun da nake, da abin da kakana ya ba ni labari, ba a taɓa samun wanda ya kama igiya ya kuma ɗaga hannu ba. Da a fili kawai ka buge shi ba tare da ka karɓi wannan ba, da an ce faɗan 'yan wasa ne. Yanzu kuwa duk ɗan Vatudamu da ya kama igiya, za a tsaya ana tunani ko da gaske yake. Gobe za ka tsallaka. Ni zan tuƙa ka, amma ba zan yi magana a madadinka ba. Bakinka ne ya yi ƙarya, shi zai gyara."

Washegari da hantsi suka tsallaka. Uraia ya zube tun daga bakin ƙofa, ya taho da gwiwoyinsa. Tsohon tabon ya riƙa sukarsa a kowane ja, bai tsaya ba. Kolinio yana zaune jingine da bango, wuyansa cikin abin tallafi, hannun dama a rataye. Matarsa Litiana tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, ta harɗe hannuwa, ko kallon baƙon ba ta yi.

Uraia ya ɗaga haƙorin da hannu biyu. Duk maganar da ya shirya a cikin kwale-kwale ta gudu.

"Tavale, na kama igiyarka da ƙarya. Tun ina riƙe da ita nake auna wuyanka. Ka yafe mini."

Kolinio ya ɗago ido ya dube shi.

"Na gan ka fa," ya ce a hankali. "Ka ɗauka ban gan ka ba? Shekara takwas ina buga wa Turawa wasa, na san yadda ake kauce wa mutum. Ina da lokacin da zan sunkuya, ina da lokacin da zan tare ka da kafaɗa. Sai na ce a raina, a'a, wannan ya riƙe igiya, wucewa zai yi ya karɓi ƙwallo. Har na fara murmushi. Na ce yau za a ci mu, amma tavale zai sa farar riga, kawuna zai huta."

 Hawayen da Uraia bai yi ba ranar jana'izar ubansa, ranar suka zo.

"Karɓa, don Allah. Ko da hagu ne."

Kolinio ya dubi igiyar. Yatsun hagunsa suka motsa a kan cinyarsa, sannan suka tsaya.

"Ba yau ba."

Sannan ya ci gaba.

"In na taɓa ta yanzu, ƙarya zan yi. Har yanzu in Litiana tana sa mini riga kamar jariri, abin da nake so ya same ka ba ya faɗuwa. Ba zan kama igiya da wannan a cikina ba. Koma da shi. Ka dawo baɗi ka sake tambayata."

Babu wanda ya tafa. Uraia ya ja da baya da gwiwoyinsa har ƙofa.

A cikin kwale-kwale, sai da suka kai tsakiyar kogi sannan Tata Levu ya yi magana, bai ko dube shi ba.

"Ka ji abin da ya ce? Shi ne abin da na roƙe ka ka faɗa a ƙarƙashin mangwaro. Ka ga wani ya mutu don ya faɗe shi?"

Uraia ya koma shekara ta gaba, Kolinio ya ce ba yau ba. Ya sake komawa. Sai a shekara ta uku Kolinio ya miƙa hannun hagu ya kama igiyar, ya ce, "Tashi haka, mai kan ƙwallo, kada ka cinye mini tabarma da gwiwa." Ranar aka tafa sau uku, kuma ranar da gaske ne.

Amma a lokacin Uraia ya haura talatin, gasar duniya ta zo ta wuce, an sami sababbin yara masu gudu. Yana nan a Vatudamu yana noman gwaza a gonar ubansa. Duk ranar Asabar yakan tsallaka ya nome wa Kolinio tasa, don har yau hannun nan bai iya riƙe fartanya ba. Farar riga kuwa, bai taɓa sa ta ba ko sau ɗaya.

Darasi: Riƙo ba ya biyan abin da aka ƙwace maka, sai dai ya ƙwace wanda ya rage. Kolinio ya cuci Uraia wata goma sha huɗu, Uraia ya cuci kansa har ƙarshen rayuwa, a taku ɗaya. Kuma in an nemi gafararka zuciyarka ba ta shirya ba, faɗi gaskiya ka ce a ba ka lokaci, kada ka ce "na yafe" alhali wuƙa tana bayanka, don wanda ya yarda da kalmarka ya ajiye garkuwarsa ne saboda kai. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai. Wataƙila a cikinsu akwai wanda ya daɗe yana rubuta sunan wani a wuyan hannunsa, ya karanta ya goge tun bai karkata ba.